Andalusanci a Intanet: Maganar da Aka Raina Ta Samu Haruffa

Duk mai leƙa gidan kallon ƙwallo ya san Sevilla da Real Betis da Malaga da Granada, ya kuma san Sergio Ramos da Jesus Navas da Gavi. Abin da da yawanmu ba mu lura da shi ba shi ne, waɗannan ƙungiyoyi da 'yan wasa duk daga yanki ɗaya suka fito a kudancin Sifaniya, wato Andalusiya. Da zarar ɗayansu ya buɗe baki a gaban 'yan jarida, mutumin Madrid ba ya buƙatar a gaya masa ɗan ina ne, bakinsa ya riga ya tona shi. Yana haɗiye s a ƙarshen gaɓa, yana zubar da d a tsakiyar kalma, yana mai da l ta koma r. Mutum sama da miliyan 8 ke zaune a lardunan yankin guda 8, kuma galibinsu da wannan baki suke ciniki, da shi suke faɗa, da shi suke rarrashin yaro. Amma da an ɗauki alƙalami sai kowa ya koma Sifaniyancin littafi, domin nasu ba shi da ƙa'idar rubutu da hukuma ta sani.

Kafin a yi nisa, gara a kau da wani ruɗani. Bahaushe ya ji an ce Andalus, tunaninsa zai tafi ga daular Musulunci, kuma yana da hujja. Alfazazi mai Ishiriniya haifaffen Kurɗuba ne. Ibn Malik mai Alfiyya a garin Jayyan aka haife shi, wanda yau ake kira Jaen. Ibn Asim, mai littafin Tuhfa da alƙalanmu suka daɗe suna hukunci da shi, mutumin Garnaɗa ne, wato Granada. Sai dai harshen da muke magana a kai ba Larabcin waɗancan malamai ba ne. Musulmi sun shiga ƙasar a 711, Kiristocin Kastila suka ƙwace Kurɗuba a 1236 da Sevilla a 1248, Garnaɗa ta faɗi a 1492, aka kuma kori ragowar jikokin Musulmi tsakanin 1609 da 1614. Waɗanda aka kawo daga arewa suka zauna a ƙasar da harshen Kastila suka zo, kuma shi ne ya yi ta sauya kama a kudu har ya zama abin da ake ji yau, wato Andalusanci. Akwai kalmomin Larabci da suka maƙale a cikinsa, kamar aljofifa, tsumman goge daɓe, amma gangar jikinsa Sifaniyanci ne. Shi ya sa mafi yawan masana harshe suke lissafa shi a matsayin karin harshe, masu fafutikarsa kuwa wasunsu suke cewa harshe ne mai cin gashin kansa. Wannan gardama ba za ta ƙare yau ba, kuma ba ita ce ta fi damuna ba.

Abin da ya fi damuna rainin ne. Andalusiya ta daɗe tana cikin yankunan da suka fi talauci a Sifaniya, ƙasa ce ta manyan gonaki da 'yan ƙwadago marasa fili. Daga shekarun 1950 zuwa 1970 dubban ɗaruruwan mutanenta suka yi ƙaura zuwa Barcelona da Madrid da Jamus neman abin sawa a baka. Sai bakinsu ya zama tambarin talauci. A fim da talabijin, mai wannan baki shi ne ɗan aiki, ko 'yar wanke-wanke, ko wawan da ake sawa ya ba da dariya. Mai son karanta labarai a rediyo sai ya koyi ɓoye nasa. Ko minista ce ta tashi a majalisa da bakin Sevilla, sai ka ji ana zancen yadda ta yi maganar an bar abin da ta faɗa. Kuma rainin tsoho ne. Antonio de Nebrija, wanda ya wallafa littafin nahawun Sifaniyanci na farko a 1492, ɗan Andalusiya ne daga garin Lebrija, amma bayan shekaru arba'in da 'yan kai wani marubuci mai suna Juan de Valdes ya kushe aikinsa da hujjar cewa ai mutumin kudu ne, can kuwa ba a iya harshen da kyau ba.

Abin dariyar shi ne, daga tashar Sevilla jiragen ruwa suka riƙa tashi zuwa nahiyar Amurka tun 1503, lokacin da aka kafa ofishin kula da cinikin can a birnin. Saboda haka yadda ake furta s a Meziko da Kolombiya da Ajantina, da yadda ake haɗiye ta a Kuba da Benezuwela, ya fi kusa da bakin Sevilla fiye da na Madrid. Abin da ake yi wa dariya a gida, shi ne bakin mafi yawan masu harshen a duniya.

A takarda dai doka ba ta yi shiru ba. Kundin cin gashin kan Andalusiya na 2007 ya sa kare wannan salon magana da nazarinsa da ɗaga darajarsa cikin manufofin gwamnatin yankin. Amma bai zama harshen hukuma ba kamar yadda Katalanci da Baskanci da Galisanci suka zama a yankunansu, ba a koyar da rubuta shi a makaranta, kuma babu wata hukuma da aka ɗora wa tsara masa haruffa. Ba wai ba a taɓa rubuta shi ba. Masu tattara waƙoƙin yankin da ake kira filamenko tun ƙarni na 19, irin su Antonio Machado y Alvarez da ya fitar da tarinsa a 1881, sun rubuta shi yadda kunnensu ya ji. Masanin harshe Manuel Alvar da abokan aikinsa sun zaga garuruwa fiye da 200 suna tambayar tsofaffi, suka fitar da taswirar harshen yankin cikin mujalladi 6 daga 1961 zuwa 1973. Amma wancan rubutu ne na kowa da kiɗinsa, wannan kuwa na masana ne, talaka ba ya iya karanta alamominsa.

A 2017 abin ya fashe. Wani malamin jami'a ɗan garin Mijas, Juan Porras Blanco, wanda yake rubuta sunansa Huan Porrah, ya fassara sanannen littafin nan na Faransanci na ɗan ƙaramin yarima zuwa bakin garinsu, aka gabatar da shi a Sevilla. Aka yi masa ca a jaridu da shafukan sada zumunta. Wasu suka ce izgili ne ga ilimi, wasu 'yan yankin ma suka ce ya zubar musu da mutunci, wasu kuwa suka ce ai wannan bakin Mijas ne, ba nasu ba. Wannan ƙorafi na ƙarshe shi ne mai ƙwari, kuma shi ya haifar da abin da ya biyo baya. Wasu matasa, cikinsu da ɗaliban harshe da masu fassara, suka haɗu a intanet suna tambayar juna: shin za a iya samun rubutu ɗaya da mutumin Kadis da na Almeriya za su karanta, kowa da bakinsa? A 2018 suka fitar da tsarin da suka kira EPA.

A nan ya kamata a tsaya a duba da kyau, don dabarar tana da ban sha'awa. Ɗauki kalmomi biyu, casa, wato gida, da caza, wato farauta. Mutumin Madrid yana bambanta su: ta farko da s, ta biyu da harshe tsakanin haƙora, kamar yadda mai tajwidi yake furta harafin sa'un mai ɗigo uku. A birnin Sevilla da Kurɗuba duka biyun da s ake faɗarsu. A ƙauyukan Kadis da Malaga duka biyun da harshe tsakanin haƙora. A wasu wuraren ma sautin h ne yake fita. Da masu EPA sun zaɓi s, da sun kori rabin jama'a, da sun zaɓi z, da sun kori ɗaya rabin. Sai suka ɗauko wani tsohon harafi da Sifaniyanci ya yi amfani da shi a da can ya watsar, c mai jela a ƙasa, suka rubuta caça. Kowa ya furta shi yadda uwarsa ta koya masa. Haka sunan yankin ya koma Andaluçía, Sevilla ta koma Çebiya.

Mu wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu, ko da ba mu taɓa kula ba. Muna rubuta fari da f, Bakano ya faɗe ta yadda yake faɗa, Basakkwace ya ce hwari, kuma babu wanda ya ce an zalunce shi.

Matsala ta biyu ita ce baƙaƙen da ake haɗiyewa. A gabashin yankin, wajen Garnaɗa da Almeriya da Jaen, idan s ta ƙarshe ta faɗi sai wasalin da ke gabanta ya buɗe, kuma da wannan buɗewar ake gane tilo da jam'i. A yamma kuwa wata 'yar iska ce take fita a madadinta, ko kuma babu komai. EPA ta ɗora wa wasalin 'yar hula a kansa, alamar cewa akwai baƙin da ya faɗi a nan, mai karatu ya cike gurbin da irin nasa. Idan kuma baƙin da ya faɗi ya bar shadda a kan na gaba da shi, sai a ninka harafin: esto ta zama êtto, español ta zama êppañôh. An kori v an bar b tunda sautinsu ɗaya ne, an kori h da ba a furtawa, aka ba ta aikin sautin da ake furtawa. Idon da ya saba da Sifaniyancin makaranta zai ga abin kamar an watsa tsaba a kan takarda, kuma ba laifinsa ba ne. Amma tsarin yana da lissafi, ba shirme ba ne.

To, ƙa'idar rubutu ita kaɗai ba ta isa komai ba. An yi wasu kafin wannan, suka tsaya a tarukan marubuta da ƙananan littattafai. Abin da ya bambanta EPA shi ne ta faɗa hannun masu sana'ar kwamfuta. Wani rukuni na 'yan sa-kai da ke kiran kansu AndaluGeeks suka mai da ƙa'idojin manhaja. Ka zuba jimla da Sifaniyanci a akwati ɗaya, nan take ta fito da Andalusanci a akwati na biyu, har ma kana iya zaɓar ko c mai jela kake so, ko s, ko z, ko h. Suka yi allon rubutu na waya, don kada mai son sa hular wasali ya sha wahalar nemanta. Suka ratsa da maƙalolin Wikipedia ta Sifaniyanci ta cikin injin, mutum ya iya karanta tarihin duniya da bakin garinsu. Suka kuma shigar da harshen cikin wasan Minecraft, wanda yara miliyoyi suke bugawa, yana nan cikin jerin harsunan da ake zaɓa, kusa da Ingilishi da Faransanci. Uwa uba, asalin rubutun manhajar a buɗe suka bar shi kyauta, duk mai iyawa ya ɗauka ya gyara ko ya ƙara.

A ganina wannan na Minecraft ya fi duk sauran tasiri, ko da yake shi ne za a fi ɗauka wasa. Yaron da malami ya yi ta gyara wa baki a aji, ya dawo gida ya kunna wasa ya tarar da maganar kakarsa a rubuce a kan allo, ba a matsayin abin dariya ba, wannan yaro an sauya masa wani abu a zuciya da babu takardar gwamnati da za ta sauya. Mawaƙa ma sun kama. Ƙungiyar Califato ¾ tana rubuta sunayen faya-fayanta da waƙoƙinta da wannan tsari, ta haka dubban matasa suka fara ganinsa ba tare da sun je aji ba. Har 'yan kasuwa sun shinshino riba: a 2021 kamfanin Cruzcampo ya yi amfani da fasahar ƙirƙirar fuska ya dawo da mawaƙiya Lola Flores, wadda ta rasu tun 1995, cikin wani talla da ke kiran mutane su yi alfahari da bakinsu.

Masu suka suna nan, kuma ba duka ne 'yan hassada ba. Manyan masana harshe a jami'o'in yankin kansa, irin su Antonio Narbona na Jami'ar Sevilla, suna ganin Andalusanci hanyar furta Sifaniyanci ce, darajarsa a baki take, ba ya buƙatar wasu haruffa na daban. Suna cewa rubutu ɗaya shi ne ya haɗa su da mutum ɗaruruwan miliyoyi, kuma yaron talaka da ya kasa ƙwarewa a wannan rubutu shi zai rasa aiki, ba ɗan mai kuɗi ba. Wannan magana ce mai nauyi, bai kamata a yi mata kunnen uwar shegu ba. Masu EPA suna amsawa da cewa ba su ce a daina koyon rubutun makaranta ba, ƙari suka kawo, kuma ba su tilasta wa kowa ba. Ni dai na fi karkata gare su a wannan gaɓa. Mutanen yankin sun riga sun daɗe suna rubuta bakinsu a saƙon waya da jikin bango da allon shago, kowa yadda ya ga dama. Tambayar ba ko za a rubuta ba ce, ana rubutawa. Tambayar ita ce ko za a samu tsarin da zai sa a iya neman kalma a ƙamus a same ta.

Inda nake da ja da su wani wuri ne daban, wato injin juya rubutun kansa. Injin nan ba fassara yake yi ba, haruffa yake sauyawa. Ka ba shi jimlar ɗan jaridar Madrid, zai dawo maka da jimlar ɗan jaridar Madrid da huluna a kan wasula. Ba zai sa illo ba, kalmar da samarin Sevilla da Kadis suke kiran juna da ita. Ba zai san no ni ná ba, korewa uku a jere da suke nufin ƙwarai kuwa. Ba zai san cewa a yammacin yankin mutane suna da tasu hanyar cewa ku ba. Gwada abin da Hausa ka gani: ɗauki labarin da aka rubuta da daidaitacciyar Hausa, ka sa inji ya mai da kowace f ta koma hw. Ka samu Sakkwatanci ke nan? Ina zamna, ina ɗiya, ina shina? Shafi dubu da inji ya juya ba su kai shafi ɗaya da wata tsohuwar Jerez ta faɗa aka rubuta mata ba. Akwai ma haɗari a ciki, domin yanzu manhajojin da ke koyon harshe daga intanet suke kwasar abin da suka tarar. Idan abin da ya cika intanet da sunan Andalusanci juyin inji ne, to shi za su koya, su kuma riƙa maimaita shi a matsayin na gaske.

Akwai kuma wani shinge da ba a gani da ido. Kowane harshe da duniyar kwamfuta ta sani yana da 'yar lambar haruffa a jerin ƙasa da ƙasa da ake kira ISO 639. Ta Hausa ita ce ha. Da wannan lamba waya take gane harshen da ake rubutawa, da ita ake buɗe wa harshe Wikipedia tasa. A Sifaniya kanta, harshen Asturiya yana da ita, na Aragon yana da ita, na Estiremadura da ke maƙwabtaka da Andalusiya ma yana da ita, kuma duka ukun suna da Wikipedia. Andalusancin yau ba shi da tasa, don ana lissafa shi cikin Sifaniyanci. Saboda haka mutum miliyan 8 suna raɓe a bakin ƙofa, harsunan da masu su ba su kai kashi ɗaya cikin goma na wannan adadi ba suna ciki.

Idan aka zo nan dole mutum ya waiwayi gida. Abin da 'yan Andalusiya suke haƙilon samu, mu mun same shi tun tuni. Muna da ajami tun kafin zuwan Bature. Boko yana da ƙa'ida tun zamanin Hanns Vischer a 1912, baƙaƙe masu lanƙwasa suka shigo a shekarun 1930, aka kafa Hukumar Harshen Hausa a 1955, aka zauna a Bamako a 1966 don daidaita haruffa tsakanin ƙasashe. Muna da lambar ISO, muna da Wikipedia, muna da gidajen rediyon duniya, kuma allon Gboard da ke cikin wayoyinmu yana da Hausa da ɓ da ɗ da ƙ, kyauta. Amma duba saƙonnin da ke shigo maka yau. Mutum nawa ne suka bambanta ƙasa da kasa, ko ɓata da bata? Har allunan shaguna da fastocin siyasa da sunayen finafinai an daina damuwa. Su can ba hukuma, ba kasafin kuɗi, ana yi musu dariya, suka zauna bayan sun tashi daga aiki suka ƙera wa kansu allon rubutu. Mu an ƙera mana, shiga saitin waya a kunna shi ya gagara.

Sannan kare-karen harshenmu suna cikin irin halin da Andalusanci yake ciki, ko da yake rainin bai kai nasu zafi ba. A finafinanmu, wane ne ake ba bakin Sakkwato ko na Gobir? Galibi ɗan ƙauye ne da ya shigo birni yana kallon fitilar kan hanya. Damagaranci da Arewanci da Gudduranci da Hausar zangunan Gana duk suna da kalmomin da babu su a ƙamus, kuma masu riƙe da su tsufa suke yi. Daidaitacciyar Hausa tana nan daram, ba wanda ya ce a taɓa ta, da ita za mu ci gaba da karatu da jarida. Amma ba ta hana a adana sauran ba.

Saboda haka, mai karatu, ga abin da nake roƙonka. Kunna allon Hausa a wayarka ka riƙa sa lanƙwasa inda take. Idan kana da kaka ko kakan da ke raye, nemi izininsu ka ɗauki muryarsu suna ba da labarin yadda ake jima, ko saƙa, ko haƙar rijiya, ka rubuta shi yadda suka faɗa, kada ka gyara musu baki, ka sa sunan garin da shekarar. Idan kuma kai ɗalibin kwamfuta ne a Kano ko Zariya ko Yamai kana neman aikin kammala karatu, manhajar 'yan Andalusiya tana nan a buɗe, je ka duba yadda suka gina ta.